Bikin kai tsaye a wasanmu na salula: mutane na shiga amma ba sa zama, me za mu gyara?

Ɗan Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna da ƙaramin wasan salula da muka gina nan Yamai, irin wanda mutane da yawa ke shiga ta intanet lokaci guda. Ƴan wasa suna rakiyar ayari cikin hamada, suna kare shi daga ƴan fashi. Kowace Asabar ƙarfe 8 na dare mukan yi biki kai tsaye: babban dodo ya fito bakin rijiya, kowa ya taru a kansa, in an kashe shi a raba lada. Uwar garken, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan, haya muke yi a Faransa.

Damuwarmu ita ce mutane suna cika a farko, amma kafin a kai rabi an watse. Wanda rezo ya yanke wa ba ya samun komai, sai ƙorafi a zaurenmu na WhatsApp. Tsofaffin ƴan wasa kuma suna cewa abu ɗaya ne kullum. Mun ƙara lada, ba ta sake zane ba. Don Allah masu sanin harkar, ta ina za mu fara?

Ba'adare, Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙarin lada ba zai yi magani ba, don ba ƙarancin lada ne ya kore su ba. Ka tambayi kanka wannan: in mutum ɗaya ya ajiye waya ya koma ga shayinsa, me zai canza a fili? In amsar ita ce ba komai, to shi ma ɗan wasan ya gane haka tun minti na uku. Dodo guda da mutum ɗari ke sara, saran kowa ba ya nunawa.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. Ranar 6 ga Yuni 2020 kamfanin Bungie ya tara ƴan wasan Destiny 2 su ga yadda za a harbo wani ƙaton jirgi mai suna Almighty. Kusan awa ɗaya da rabi ana tsaye ana kallon sama, ba abin da hannun kowa zai taɓa. Faɗuwar jirgin ta yi kyau, amma jiran ne mutane suka fi magana a kai. A Fortnite kuwa, cikin Mayu 2019, an buɗe rumbun tsofaffin makamai aka ce ƴan wasa su zaɓi wanda za a maido ta hanyar sarar ginshiƙinsa. Bindigar Drum Gun ta ci, aka kuma maido ta cikin wasan da gaske. Aikin ba shi da wuya ko kaɗan, sara ne kawai, amma kowa ya ga abin da saransa ya haifar.

Saboda haka ku fasa dodon nan gida-gida. Ku raba jama'a ƙungiya-ƙungiya, mutum 4 ko 5, kowace da aikinta da ma'auninta a saman allo: waɗannan su ɗebo ruwa su kai wa ayari, waɗancan su tsare raƙuma kada su watse, wasu su kunna wutar da ke sa dodo ya buɗe ƙirjinsa, sannan masu sara su samu daƙiƙa 20 na sara. Kowane aiki ya zama ana gama shi cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, a ga sakamakonsa nan take. In masu wuta suka yi sanyi, masu sara su tsaya cirko-cirko. Nan ne mutane ke fara kiran juna, kuma wanda ya san ana jiran sa ba ya ajiye waya.

Tsawon bikin kada ya wuce minti 20. Ƴan wasanmu sun saba da Free Fire, inda mutum 50 ke gama zagaye cikin kamar minti 10, ga batir ga zafin waya. Minti 3 na farko taruwa ce, amma a ba hannu abin yi ko da tara itace ne. Sai zango uku na minti 5, kowanne da sabon abu: guguwa ta rage gani, rijiya ta biyu ta buɗe, dodo ya sauya wuri. Minti 2 na ƙarshe na rabon lada da kiran suna ne. Kiran sunan kada ya tsaya ga wanda ya fi sara. A kira wanda ya fi kai ruwa, wanda ya fi tada abokan da suka faɗi, da sabon shiga da ya fi ƙoƙari. Sara kuma a lissafa shi da kaso na jinin dodo, a sa iyakar da tsohon ɗan wasa ba zai wuce ninki 2 ko 3 na sabo ba. In ba haka ba, mutum biyar masu manyan makamai za su gama komai, saura su zama ƴan rakiya.

Abin da na fi so ku ji shi ne wannan: ku yarda a iya faɗuwa. Bikin da kullum ake ci, ba wanda zai bar abin da yake yi dominsa. Wasan Helldivers 2, wanda kamfanin Arrowhead na Suwidin ya gina aka fitar a Fabrairu 2024, yana ba duk ƴan wasa umarni guda na ƴan kwanaki, kuma ana faɗuwa. Sun rasa duniyar Malevelon Creek, suka yi makonni suna jin zafin abin, suka ƙwato ta a farkon Afrilu, kamfanin ya raba alkyabba ta tunawa. A Yuni na shekarar aka ba su zaɓi tsakanin ceto asibitin yara da samun sabuwar nakiya, suka zaɓi yaran. A wasanku, in dodo ya ci, rijiyar ta rufe mako guda, hanyar ayari ta ƙara tsawo, ruwa ya yi tsada a kasuwar wasan. In an ci, a buɗe sabon zango, a rubuta sunayen ƙungiyoyin a jikin rijiya. Wannan ne maganin masu cewa abu ɗaya ne kullum, don Asabar ta gaba za ta tashi daga inda ta baya ta tsaya.

Sai dai ma'aunin nasara ba da ka ake sa shi ba. Ku ɗauki abin da jama'a suka iya yi a makonni huɗun baya, ku fitar da matsakaici, ku yi matakai uku: kashi 60 cikin 100 ƙaramar nasara, 100 cikakkiya, 130 ta bajinta. Ku ɗaure adadin da yawan waɗanda suka shigo cikin minti 3 na farko, sannan ku kulle shi. Kada ku taɓa shi a ɓoye ana tsakiyar biki. Ƴan wasa suna ƙirga, kuma ranar da suka gane ana murɗa ma'auni, an gama.

Malama Mai Rezo, Yantala

Duk abin da yaya Ba'adare ya faɗa haka ne, amma malam Ɗan Bukoki, ka ce wanda rezo ya yanke wa ba ya samun komai. Wannan ku fara gyarawa tun kafin ku taɓa dodo. A nan yankewar rezo da ɗaukewar wuta ba tsautsayi ba ne, abin da za a gina wasa a kansa ne, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin zafi.

Kada lada ta jira ƙarshe. Duk zangon da aka gama, uwar garke ta rubuta wa kowa rabonsa nan take, da lamba ta musamman da ta haɗa lambar ɗan wasa, lambar biki da lambar zango. Amfanin lambar shi ne in waya ta sake aiko da buƙata sau uku saboda rezo na rawa, sau ɗaya za a biya. In babu ita, ɗayan biyu ne: ko a hana mai haƙƙi, ko wasu su gano cewa kashe data da kunnawa na ninka lada. Wanda ya yi minti 3 cikin zango ya cancanci rabon zangon, ko ya ga ƙarshensa ko bai gani ba, ya tarar da shi a akwatin saƙonsa. Masu wasan Guild Wars 2 sun sha wannan a Nuwamba 2012, a bikin Lost Shores da aka yi sau ɗaya tak: jinkiri ya yi yawa, mutane da dama aka yanke su kafin buɗe akwatin ƙarshe, sai daga baya kamfanin ya bi su da ladar.

Wanda ya yanke a riƙe masa gurbinsa daƙiƙa 120, kwamfuta ta ja ɗan wasansa gefe inda ba za a kashe shi ba. Wayar kuma kada ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba hutu. Ta gwada bayan daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, sai 8, iyaka 30, a ƙara ɗan lokaci na kan-mai-uwa-da-wabi a kan kowanne. Dalili shi ne in eriya guda ta faɗi ta dawo, duk wayoyin unguwar za su dawo a daƙiƙa ɗaya su danne uwar garke. Haka sanarwar fara biki: kada a tura wa kowa ƙarfe 8 cif. A buɗe ƙofa minti 30 kafin lokaci, a watsa sanarwar cikin minti 2 ko 3. Shiga ce ta fi komai nauyi, don nan ake duba kalmar sirri a ɗauko kayan mutum daga rumbun bayanai. Fortnite da duk ƙarfinsu, a bikin The Device na Yuni 2020 sai da suka tsayar da shiga a mutum miliyan 12, saura suka koma kallo a YouTube da Twitch.

Sai yawan mutane a fili guda. Ga lissafi. A ce uwar garke na aiko da labarin inda kowa yake sau 10 a daƙiƙa, labarin mutum ɗaya bayit 20 (bayit miliyan ɗaya ne mega ɗaya). A fili mai mutum 40, kowace waya na karɓar bayit 8,000 a daƙiƙa, wato mega 9.6 a minti 20. In kuka zuba mutum 200 a fili ɗaya, kowace waya mega 48 ke nan, datar yini da wani ya saya ta tafi. Uwar garke kuma mega 8 za ta riƙa fitarwa a daƙiƙa, alhali in filaye biyar ne na mutum 40, mega 1.6 ya isa. Nauyin ba da yawan mutane yake hawa ba, da yawansu sau yawansu yake hawa. Ku tsaya a 30 zuwa 40 a fili, ma'aunin dodo kawai ya zama na kowa da kowa, kowane fili na aika jimillarsa duk daƙiƙa 2. Bukukuwan Fortnite da ake jin miliyoyi ma haka suke, filaye ne barkatai masu mutum ƙalilan da ke bin agogo ɗaya. Abokai dai a tabbata sun faɗa fili guda.

Agogon kuma na uwar garke ne, ba na waya ba. Wayoyi da yawa lokacinsu ya goce, wasu kuma da gangan ake gusar da shi.

Tunda uwar garkenku na Faransa, jinkirin zuwa da dawowa zai riƙa wuce milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a rezon salula da dare ya fi haka nesa. Kada ku sa aikin da sai an danna cikin ƙiftawar ido. Duk harin dodo a nuna alamarsa a ƙasa daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa 2 kafin ya sauka. In nauyi ya yi yawa, gara a rage gudun wasan ga kowa da a bar shi yana tsalle-tsalle. Masu wasan EVE Online suna yin haka a manyan yaƙe-yaƙensu, har zuwa kashi 10 cikin 100 na gudun da aka saba.

Hotuna da sautin biki a tura su kwana 2 ko 3 kafin rana, a tambayi mutum kafin a ci masa mega, a kulle su da mabuɗin da za a saki lokacin farawa don kada a tona abin mamakin. Wanda ya buɗe wasa ƙarfe 8 ya tarar da mega 150 na jiran saukewa, ya tafi ke nan. Gwaji kuma a yi shi da waya mai giga 2 na ƙwaƙwalwa a kan 3G, ba da wayar mai gini ba, a kuma saka ƴan wasan bogi ninki 2 na yawan da kuke tsammani, dukansu su shigo cikin minti ɗaya. Kowane sashe na biki ya samu makunninsa daban, yadda in guguwa ce ke kashe ƙananan wayoyi za a kashe ta ita kaɗai biki ya ci gaba.

Na Wadata, Yamai

Ni inda na ɗan saɓa da yaya Ba'adare shi ne maganar faɗuwa. Dabara ce mai kyau, amma in aka haɗa ta da biki guda a mako, ranar da aka ɗauke wuta a rabin Yamai za a rufe wa kowa rijiya a kan laifin da ba nasu ba. A yi bikin sau uku: Juma'a da dare, Asabar da dare, Lahadi bayan la'asar, a haɗa jimilla, ladar mutum kuma sau ɗaya. Fortnite ma da suka yi bikin mawaƙi Travis Scott a Afrilu 2020 sau biyar suka nuna shi: mutum miliyan 12.3 a karon farko, amma jimillar waɗanda suka halarta miliyan 27.7. Da sau ɗaya aka yi shi, fiye da rabi da sun rasa.

Ƙarfe 8 ɗin nan ma ku sake dubawa. A Yamai lokacin isha'i ke nan a yawancin shekara, ga abincin dare. Ƙarfe 9 da rabi ya fi, lokacin fada ta zauna an ɗora shayi. Da azumi sai bayan asham. Daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai ku bar wa ƙwallo, haka ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta Nijar, ke wasa. Lokacin jarrabawar BEPC da Bak ku sassauta, ɗalibai ne rabin jama'arku.

Abin da zai kawo muku zafi na gaske kuwa yana gabanmu: jihohi takwas. Tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba sai an koya wa ɗan Nijar goyon bayan jiharsa ba. Kowa ya zaɓi jiha sau ɗaya a kakar gasa, ba canji sai kaka ta ƙare, in ba haka ba kowa zai gudu wurin mai ci. Amma kada ku jera jihohi da jimillar maki, don Yamai za ta cinye kullum saboda yawa, ƴan Diffa da Agadas su daina zuwa. A kokawa kowace jiha mutum goma take kawowa, ku ma ku ɗauki makin mutum 10 ko 20 na sama a kowace jiha, ku ƙara wani kaso na yawan waɗanda suka fito cikin masu rajistar jihar. Zagi kuma a tare shi da wuri: a hirar fili a bar gajerun kalamai da aka riga aka tanada, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, rubutun hannu sai tsakanin abokai.

A samu mutum ɗaya mai baki ya riƙa ba da labari da murya ana cikin yi, yana kiran sunan ƙungiya da jiha. Sauti kaɗai, ba bidiyo ba, saboda mega. Kada kuma ku yi saurin tara jama'a wuri ɗaya da sunan babban taro. Masu wasan Pokémon GO sun tara kusan mutum 20,000 a wani lambu a Shikago a Yuli 2017, rezo ya kasa ɗauka, aka mayar wa mutane kuɗin tikiti. Fada goma a unguwanni goma sun fi zaure ɗaya a ƙarƙashin eriya ɗaya.

Ɗan Bukoki, Yamai

Allah ya saka da alheri, na ga inda muka baro ta. Saura maganar kuɗi, don hayar uwar garke ba ta jira. Muna tunanin sayar da akwatin sa'a, wanda ake saye ba a san abin da ke ciki ba, lokacin biki, da takobi mai ƙarfi na jikka ɗaya. Ya kuka gani? Kuma da me za mu gane gyaran ya kama?

Ba'adare, Tawa

Takobin nan ku bar shi, ƙanena. In jikka ɗaya na sayen sara, duk aikin raba ƙungiyoyi ya rushe, gasar jihohi ta koma ta masu aljihu. Akwatin sa'a kuwa caca ce a idon iyaye da malamai, kuma ba su yi kuskure ba. Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018, Google Play da Apple kuma suna tilasta a bayyana kason samun kowane abu kafin saye. Ku sayar da abin da ake gani amma ba ya ƙara ƙarfi: rawani, adon raƙumi, tutar jiha, ganga ta murnar nasara. Farashi a fili, daga dala ashirin zuwa dala ɗari, biya ta kuɗin salula tunda masu katin banki kaɗan ne. Shagon a rufe shi ana cikin biki, a buɗe shi a minti 2 na ƙarshe da kuma yinin da ke biye. Alamar halarta kuwa kyauta ce, ba a sayar da ita ko daga baya. Maganar Na Wadata ta sau uku na karɓa, da sharaɗin sakamakon ƙarshe a bayyana shi lokaci guda, daren Lahadi.

Awo kuma, yawan waɗanda suka shigo ba ya gaya muku komai. Ku rubuta yawan mutanen da ke ciki a ƙarshen kowane minti, ku zana shi a layi, ku ga mintin da layin ke faɗuwa, ku je ku kalli abin da ke faruwa a fili a wannan mintin. Ku raba masu fita biyu: wanda ya danna fita da kansa, da wanda rezo ya yanke. Na farko aikin mai tsara wasa ne, na biyu na Malama Mai Rezo. Cikin waɗanda aka yanke, nawa suka dawo kafin daƙiƙa 120 su cika? Sannan cikin waɗanda suka halarci wannan mako, nawa suka dawo mako na gaba, sababbi daban, tsofaffi daban. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa a mako. In kuka sauya lokaci da tsawo da lada a tare, layin zai motsa amma ba za ku san wanne ya motsa shi ba. Ku fara da rubuta lada zango-zango da riƙe gurbi, mako na biyu ku matsar da lokaci zuwa 9 da rabi, na uku ku raba ƙungiyoyi.